Daga Todmorden, garin da ke zaune a gindin ƙwarya

Assalamu alaikum, 'yan uwa da abokan arziki na gida.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kowa yana lafiya, ya iyali, ya kuma haƙuri da tsadar kaya. Tun da na baro Kaduna a 2022, duk wanda ya kira ni da tambaya ɗaya yake farawa: "Ya Landan?" Da farko nakan tsaya in yi gyara, da na ga abin ba ya ƙarewa sai na koma cewa Landan lafiya ƙalau. To yau na samu hutun kwana biyu, ana kuma tsuga ruwa a waje, ba inda za ni, bari in fitar da kaina. Ba a Landan nake ba. Tsakanina da ita ya fi nisan Kaduna zuwa Kano, sau biyu tak na taɓa taka ta. Ina wani ɗan gari ne a arewacin Ingila mai suna Todmorden, wanda mutanensa ba sa wahalar da bakinsu, "Tod" kawai suke ce masa. Ƙidayar 2011 ta ba shi mutum 15,481, ko wata unguwa ɗaya ta Kaduna bai kai ba. Masu kallon ƙwallo ku auna daga Mancesta: kilomita 27 ne arewa maso gabas, kamar rabin awa a jirgin ƙasa.

In kuna son ganin garin a zuci, ku ɗauki ƙwarya ku fasa bakinta wuri uku. Gindin ƙwaryar shi ne tsakiyar gari, inda kasuwa da tasha da babban ɗakin taro suke. Tsagar nan uku kwaruruka ne masu zurfi, ɗaya ya nufi Burnley, ɗaya Rochdale, ɗaya Halifax. Abin da ya rage duk tudu ne, ya yi wa garin zobe. Saboda ƙuncin wuri, a wasu sassan titin mota da dogo da kogi da wata hanyar ruwa da aka haƙa da hannu duk suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, in ka jefa dutse da ƙarfi sai ya tsallake su huɗun. Gidajen na dutse ne, jere manne da juna kamar ƙwayar masara a jikin totuwa, sun hau gangaren tudu hawa-hawa, har ƙofar maƙwabcinka na baya ta yi daidai da bututun hayaƙin rufinka. Dutsen asalinsa ruwan ƙasa ne mai haske, hayaƙin kwal na shekara ɗari da wani abu ya mai da shi baƙi ƙirin. Inda aka wanke gini ɗaya a tsakiyar layi sai ka gan shi fes kamar baƙo a taron suna.

Kwatancen hanya a nan ba gabas da yamma ba ne, sama ne da ƙasa. A makona na farko na sayo buhun shinkafa mai kilo goma, na duba waya ta ce mini gida minti bakwai ne a ƙafa. Abin da wayar ba ta faɗa ba shi ne minti bakwai ɗin duk matakala ce. Sau uku na tsaya ina haki, wata tsohuwa da kare ta zo ta wuce ni tana mini sannu.

Sai maganar rana. A watan Disamba ba ta fitowa sai takwas ta wuce da kusan rabi, kafin ƙarfe huɗu kuma ta faɗi. Wannan lissafin masu fili ne. Mu na cikin kwari tudu yana cin nasa kason safe da yamma, layinmu ma daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu rana ba ta taɓa tagarmu ko kaɗan, sai dai ka hango ta tana haska tudun da ke tsallake kamar tuwon gidan wasu. Azahar da la'asar da magariba duk sukan shige cikin abin da bai kai awa huɗu ba, alwala ɗaya takan ishi mai kiyayewa. A watan Yuni kuma abin ya juye, magariba sai goma saura na dare, yara na wasa a waje kai kana hamma.

Kogin garin sunansa Calder. Kada ku ji kogi ku tuna da na Kaduna, wannan Kogin Kaduna zai haɗiye shi bai san ya sha komai ba. Daga tudun bayan gari yake tasowa, wani rafi da ake kira Walsden Water ya same shi a tsakiyar gari, su miƙa gabas ta Hebden Bridge da Wakefield har su faɗa Kogin Aire. Yawancin kwanaki ruwan bai wuce gwiwa ba, agwagi na iyo a ciki. Na raina shi ƙwarai, har ranar da na ji jiniya.

A lokacin kaka na shekarar da na zo, na taso aikin dare na kwanta ke nan, sai wata ƙara ta tashi, doguwa, tana hawa tana sauka. Ni ɗan Kakuri ne, unguwar masaƙu ta Kaduna, da jiniya aka raine ni. Lokacin muna yara in ta yi kuka ma'aikatan masaƙa ne za su canja aiki, mukan fita bakin titi mu ga kekuna kamar fari, muna neman Baba a cikinsu. Amma wannan kukan daban ne, irin wanda ake ji a labaran yaƙi. Na fito ƙofa da silifas ɗaya ina salati. Maƙwabciyata, wata tsohuwa da ta haura tamanin da biyar, tana tsaye tana shan shayi abinta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kwantar da hankalinka, luf, gwaji ake yi. Ranar da ta yi da gaske, ka zo ka taya ni kai talabijin sama." Wannan "luf" ɗin, wato masoyi, kowa suke gaya wa, direban bas ma zai ce maka haka da gemunsa, kada wani ya zo ya ɗauka an ƙyasa shi. Ni kuwa tun ranar nake kiranta Iya, na ce mata haka muke kiran uwa a wajenmu, ta karɓa.

Jiniyar ta ambaliya ce. Da aka yi mini bayanin yadda abin yake, sai na ga ba wani ɓoyayyen ilimi a ciki, kowa ya taɓa zuba ruwa a ƙwarya ya sani. Saman tudun nan fili ne shimfiɗeɗe, babu itatuwa, ƙasarsa baƙa ce mai laushi kamar soso. In aka jera kwanaki ana ruwa soson ya ƙoshi, duk ɗigon da ya ƙara sauka gangarowa zai yi, gangaren kuma a tsaye yake. Kogin da zai karɓi ruwan an matse shi tsakanin katangun dutse tun zamanin masaƙu, a wasu wuraren ma an yi gini a kansa. Sai ya cika cikin 'yan sa'o'i ya hau titi, titin ya zama kogi na biyu. Washegari ya janye kamar ba shi ba, ya bar wa mutane laka da ɗoyin masai a falo.

Shekaru uku ne ba sa fita daga bakin mutanen kwarin nan: Yunin 2012, da 26 ga Disamban 2015, washegarin Kirsimeti, da kuma Fabrairun 2020 lokacin guguwar da suka sa wa suna Ciara. Na 2015 shi ne babba, ya ci dubban gidaje da shaguna daga nan har Hebden Bridge da Mytholmroyd. Akwai mai gyaran takalma da nake kai wa aiki, ya nuna mini zane a bangon shagonsa daidai ƙirjina ya ce nan ruwan ya tsaya. Yanzu duk soket ɗin wutarsa a sama suke kusa da silin, ƙasan shagon kuma tayil ne, ya ce in ta sake zuwa tiyo kawai zai sa ya wanke. Na tambaye shi me ya hana shi tashi. Ya ce ya tashi ya je ina, a nan aka binne kakansa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka zauna da ruwan kamar mai zama da mugun maƙwabci: ba sa yarda da shi, ba sa kuma yin kamar ba ya nan. Ƙofofin gidajen da ke ƙasa-ƙasa suna da wani allon ƙarfe da ake zurawa a tare bakin ƙofa. Saƙon gargaɗi yana shigowa waya. Kowace unguwa tana da 'yan sa-kai masu rigar ruwan ɗorawa da suka san gidan da tsoho yake kwana shi kaɗai. Babban filin shaƙatawar garin, Centre Vale, an gyara shi ne yadda in kogi ya yi fushi za a sakar masa filin ya kwanta a ciki maimakon ya shiga ɗakunan mutane. Wasu kuma sukan hau tudu ranar hutu su dasa itatuwa, su gicciya gungume a ƙananan rafuka don ruwa ya riƙa saukowa a hankali. Duk da haka ruwan yana cin su, ba a gama da shi ba. Amma da na ga hotunan Maiduguri a Satumban 2024, na kuma ga na Mokwa a Mayun 2025, inda ruwa ya sami mutane ba wanda ya ce musu ku tashi, na daɗe zaune ina tunanin jiniyar Kakuri. Muna da ita fa. Don kiran mutane aiki muka san ta.

Ruwan nan da suke tsoro shi ya yi garin. Kafin injuna, mutane a kan tudu suke zaune, suna kiwon tumaki suna saƙar hannu a gida. Har yau ana ganin gidajensu a ƙauyuka irin su Mankinholes, benen sama da tagogi a jere don masaƙi ya samu haske, da tsofaffin hanyoyin dawakan fatake da aka shimfiɗa da faffaɗan dutse, tsakiyarsu ta lotsa saboda tafiya. Gindin kwarin fadama ce, ba mai so. Da aka gano rafukan da ke gangarowa za su iya juya injin kaɗi, sai kowa ya sauko. Danshin iskar da ke sa mu tari shi ma ya yi musu rana, domin zaren auduga ba ya yawan tsinkewa a wuri mai laima. A 1804 aka buɗe hanyar ruwan Rochdale, mai tsawon kilomita 51, wadda ke ɗaukar jiragen kaya ta haura da su tudu ta ƙofofin ruwa fiye da 90, ana cika ɗaki ɗaya jirgi ya ɗaga, a buɗe na gaba. A 1841 dogo ya iso ta wani rami da aka huda a ƙarƙashin tudu, Summit, mai tsawon kilomita 2.6, wanda a lokacin babu ramin dogo da ya kai shi a duniya. A Disamban 1984 jirgin dakon fetur ya kama wuta a cikinsa, tsofaffi suna ba da labarin yadda harshen wuta ya riƙa fitowa ta ramukan iska a saman tudu.

Masu garin a wancan zamani gidan Fielden ne. Masaƙarsu ta Waterside tana cikin manyan masaƙun auduga na ƙasar, su suka gina babban ɗakin taro da aka buɗe a 1875, da wata majami'a mai doguwar hasumiya, da wani gida mai kama da fadar sarki a kan tudu. Wanda aka fi tunawa a cikinsu John Fielden ne, ɗan majalisa, wanda ya tsaya kai da fata har aka yi dokar 1847 da ta hana a sa mata da matasa aikin masaƙa fiye da awa goma a rana. Ku lura, awa goma ita ce sauƙin. Gunkinsa yana nan a Centre Vale, mutanen gari suna alfahari da shi, kuma ya cancanta. Sai dai ni duk lokacin da na wuce nakan tuna audugar da ake saƙawa a lokacin, yawancinta daga kudancin Amurka take zuwa, bayi baƙar fata ne ke tsinkarta, su ba wanda ya ƙidaya musu awa.

Ta nan zaren ya biyo har ƙofar gidanmu. Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya yanke audugar, masaƙun yankin nan suka tsaya, yunwa ta shiga gidaje. Masu masaƙu ba su manta da wannan ba. A 1902 suka kafa ƙungiya a Mancesta don a noma musu auduga a ƙasashen da suka mallaka, BCGA, wadda mutanen Funtuwa da Zariya suka sani da Bisije. Dogon da ya isa Kano a 1911, auduga suke hange da shi, manoman Kano suka duba farashi suka shuka gyaɗa. Sannan da aka buɗe masaƙar farko ta Kaduna a 1957, zamanin Sardauna, kamfanin da aka yi haɗin gwiwa da shi, David Whitehead da 'ya'yansa, na garin Rawtenstall ne. Rawtenstall kuwa ga ta nan bayan tudunmu ta yamma, in ka bi ta Bacup. Ranar da na gane haka a cikin bas nake, na ga sunan garin a allo, tsigar jikina ta tashi. Ashe ba baƙon wuri na zo ba, gidan kakannin Kakuri na zo, na kuma tarar su ma masaƙun sun mutu, tun kafin namu ma.

Wani abin dariya: da can iyakar lardin Yorkshire da na Lancashire ta cikin rafin tsakiyar gari ta bi, aka kuma gina ɗakin taron a kan rafin, mai rawa a ciki sai ya taka lardi biyu a waƙa ɗaya. Dokar 1888 ta mai da garin duka Yorkshire, amma lambar wayarsu ta Rochdale ce, ta gidan waya ta Oldham, duka biyun garuruwan tsohon lardin Lancashire ne, ƙungiyar kurket ɗinsu kuma a gasar Lancashire take wasa. Kada ka sake ka tambayi tsoho ko shi ɗan wane ɓangare ne in kana sauri. Ƙaramin garin nan kuma ya fitar da mutum biyu da suka ci kyautar Nobel, John Cockcroft a 1951 da Geoffrey Wilkinson a 1973, makarantar sakandare ɗaya suka yi.

To me gari yake yi bayan abin da ya tara shi ya watse? Wasu masaƙun an rushe an yi manyan kantuna a wurin, wasu an yanka su gidajen haya. Da safe tasha takan cika da masu zuwa aiki Mancesta da Leeds. Mu kuma da muka zo daga Najeriya da Zimbabuwe da Indiya, yawancinmu tsofaffin da masaƙun suka bari muke kula da su. Aikina ke nan, a wani gidan kula da tsofaffi: wanka, ciyarwa, juya mai ciwon baya, sauraron labari ɗaya sau goma. Ba na jin kunyar faɗa, halal ce, amma masu ganin hoto a Facebook su sani ba a ofis nake ba.

Akwai abin da garin ya ƙirƙiro wanda ya kai sunansa nesa. A 2008 wasu mata, cikinsu da Pam Warhurst da Mary Clear, suka fara shuka kayan miya a duk wani fili da ba a amfani da shi, bakin titi, gaban tasha, harabar asibiti, gefen hanyar ruwa, suka ce kowa ya tsinka kyauta. Sunan abin Incredible Edible, yanzu garuruwa da yawa a ƙasar nan da wajenta sun kwaikwaya. Har a ƙofar ofishin 'yan sanda akwai kwamin kayan lambu. Ranar da Iya ta aike ni in tsinko mata na'ana'a da ganyen kabeji a can, na ce mata, "Iya, baƙar fata da leda a ƙofar 'yan sanda yana tsinke musu shuka? Ki dai ce kin gaji da ni." Ta yi dariya har da tari. Na je dai, ina tsinka ina waige, wani ɗan sanda ya fito ya ce mini na can gefen ya fi kyau. Gaskiyar magana shukar ba za ta ciyar da gari ba, wani lokaci ma ganyen duk tsutsa ta cinye. Amfaninta da na gani shi ne ranar Lahadin da ake fitowa aikin gayya, a yi noma tare a ci abinci tare, mutumin da zai yi mako bai yi magana da kowa ba ya samu wanda zai ce masa ina kwana.

Domin kaɗaici shi ne ciwon garin nan, ya fi ambaliya kisa, sai dai shi ba shi da jiniya. Na ga tsohon da ya shekara ba wanda ya zo duba shi, alhali 'ya'yansa suna garin da bai fi awa ɗaya ba. Akwai shaye-shaye, akwai talauci irin nasu, mai gida da wuta amma ana lissafin ko a kunna na'urar ɗumama ɗaki ko a sayi abinci. Masu kuɗi daga Mancesta suna ta sayen gidaje saboda kyan wuri, haya tana hawa, 'ya'yan gari suna ficewa. Ni ma sau ɗaya wasu samari a mota suka jefe ni da wata kalma da ba zan rubuta ba. Sau ɗaya ne cikin shekarun nan, amma ban manta ba.

Muna da masallaci, ɗan ƙarami, 'yan asalin Fakistan ne suka kafa shi, waɗanda iyayensu suka zo aikin dare a masaƙu lokacin da Turawa suka fara gudunsa. Ba a kiran salla a lasifika, agogo ne ladaninka. Ranar Juma'a wani dattijo a cikinsu ba ya bari in tafi sai ya cusa mini wani abu a leda. Naman halal ana samu, amma daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa sai na shiga Mancesta. Kasuwar gari kuwa biyu ce a haɗe, ta cikin gini wadda aka yi tun 1879, da ta fili. Ranar Alhamis ta 'yan gwanjo ce, ita na fi so.

Daga wurare da yawa a garin, in ka ɗaga kai gabas za ka hangi wata baƙar hasumiya a kan tudu kamar an kafa allura. Stoodley Pike ke nan. An fara gina ta don murnar kayar da Napoleon na Faransa, aka gama a 1815, ta rushe a 1854, aka sake ta a 1856. Tsayinta mita 37, tudun da take kai kuma kamar mita 400. Sai da na shekara biyu ina cewa gobe kafin na hau. Tumaki ne kawai a hanya, ba makiyayi, an shafa musu fenti a baya, katangun dutse da aka jera ba siminti sun yanka tudun gona-gona. A cikin hasumiyar akwai matakala 39 masu murɗewa, duhu ƙirin, sai da lalube. Da na fito barandar sama iska ta nemi ta cire mini hula da kai gaba ɗaya. Daga can garin duka bai fi tafin hannu ba, ga kwaruruka ukun, ga jirgi yana rarrafe kamar shanshani. Kogin ma ban gan shi ba sam.

A kasuwar Alhamis ɗin nan na ga wani abu a cikin tarkacen wani mai tebur, itace mai santsi kamar ɗan kwalekwale, bakinsa biyu da ƙarfe. Tun daga nesa na gane shi, ƙoshiyar saƙa ce ta inji, irin wadda Baba ya taɓa kawowa gida muna wasa da ita. Fam uku na biya. Da na nuna wa Iya sai ta ajiye kofinta, ta karɓa ta juya shi, ta kai bakinta wajen wani ɗan rami a gefensa ta yi kamar za ta tsotsa. Ta ce haka ake jawo zaren, sumbatar ƙoshiya suke ce masa, sau ɗaruruwa a yini, kowa da bakinsa a kan itace ɗaya, ga ƙurar auduga ga mai. Tana da shekara goma sha biyar ta shiga masaƙa. Ta ce ƙarar injuna ba ta bari ka ji ko da ihun wanda ke kusa da kai, don haka suka koyi magana da leɓe ba murya, daga wannan bango zuwa wancan ana gulmar shugaban aiki yana tsaye bai sani ba. Shi ya sa har yau in ina magana bakina take kallo, kunnen ya tafi tun tuni.

Na ce mata mahaifina ma shekara ashirin da huɗu ya yi a ɗaya daga cikin masaƙun garinmu, shi ma sai an ɗaga murya. Ta ce in kira shi.

Ranar Asabar ƙanwata ta kai masa waya, muka yi kiran bidiyo. Na ce, "Baba, ga maƙwabciyata, ita ma masaƙiya ce." Ya gyara hula ya ce, "Madalla. Ka gaishe ta da kyau, ka ce ina mata sannu da aiki." Aikin da ta bari shekara arba'in da suka wuce. Sai ta ɗaga ƙoshiyar a gaban waya. Baba ya matso da fuskarsa har hancinsa ya cika allon, ya yi shiru, sannan ya ɗaga hannu ya fara kaɗa shi hagu da dama yana yi da baki, tak-tak, tak-tak, daidai bugun injin. Iya ta ɗauka, tana buga tafinta a hannun kujera. Suka yi ta yi tare, shi a Kakuri ita a Tod, ni da ƙanwata muna riƙe da waya kamar masu riƙe fitila. Daga nan ta nuna kunnenta ta girgiza kai, shi ma ya nuna nasa, suka fashe da dariya. Ban fassara ko kalma ɗaya ba.

Da za mu kashe Baba ya ce, "Kai, wannan baiwar Allah tana da mai duba ta kuwa?" Na ce tana da ɗa a wani gari, yana zuwa lokaci-lokaci. Ya ce, "To kai ne ɗanta na kusa. Kada in ji an ce ruwan nan ya zo ba ka je ka ɗauke mata kaya ba."

Ƙoshiyar tana nan na naɗe ta a tsumma, akwai wani ɗan Tudun Wada da ke Bradford da zai zo gida bayan salla, zan ba shi ya kai wa Baba. Wanda zai dawo ta hannunsa kuma, don Allah a saka mini daddawa da yaji, da irin yakuwa ko cikin cokali ne. Na roƙi wuri a kwamin da ke gefen hanyar ruwa an ba ni. Masu lambun sun ce da wuya ta yi a sanyin nan, na ce a bari dai in gwada a watan Mayu.

Ruwan bai tsaya ba tun da na fara rubutun nan, saƙon gargaɗi na farko ya shigo waya ɗazu. Bari in leƙa Iya in ga ko talabijin ɗin zai hau sama yau.

A gaida kowa da kowa, manya da yara. A sa mu a addu'a.

Naku,
ɗan Kakuri a Todmorden.